Tarihin Ashanar Fata: Robar Da Ta Ƙi Narkewa

Wannan makon za mu waiwayi tarihin 'yar robar nan da ake sa wa mata a damtse don tazarar haihuwa, wadda ake kira ashanar fata.

Asalinta daga Amurka ne. A 1964 likitoci biyu, Judah Folkman da David Long, suka nuna cewa idan aka rufe magani cikin robar silikon, yakan riƙa tsattsafowa ta jikinta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci. Masu bincike a Population Council suka ɗora a kan haka, har aka samu Norplant: 'yan bututu shida masu kamar tsinken ashana, suna aiki shekara biyar. Finland ce ta fara amincewa da shi a 1983, Amurka kuma a 1990.

Maganin ya yi aikinsa. Robar ce ta jawo rigima, domin silikon ba ya narkewa a jiki. Sawa ba wuya, cirewa ce aiki. Nama kan nannaɗe bututun, wani ya nutse, wani ya karye, ma'aikaci yana lalube da wuƙa, mace tana cije baki. Ga shi an fi koya wa ma'aikata sawa fiye da cirewa, wanda a ganina shi ne babban kuskuren. Matar da ba za ta iya rabuwa da abu ranar da ta so ba, ai ba a ba ta zaɓi ba. Dubban mata suka kai ƙara kotu a Amurka, a 2002 aka daina sayar da shi can.

Gyaran da aka yi na rage yawa ne. Jadelle ya dawo biyu, Implanon kuma ɗaya tal, da wata robar daban da ake ce wa EVA, mai shekara uku.

Abin mamaki, roba mai narkewa tana nan tun tuni. Daga zaren ɗinkin tiyata mai narkewa aka samo PLGA, wadda jiki ke rugurguzawa da kansa, kuma tun 1989 ake allurar Lupron Depot da ita ga masu kansar mafitsara ta maza, sau ɗaya a wata. Sai dai wahalar ita ce a sa ta daɗe shekaru tana sakin magani daidai gwargwado. An gwada irin wannan ashanar mai suna Capronor, ba ta shiga kasuwa ba. Shi ya sa wadda ke damtsen yayarki ko matarka, in lokacinta ya yi, sai an koma asibiti an ɗan tsaga.