Igiyar da Ta Ƙi Tsinkewa: Tarihin Iyafis da Darasinsa ga Mai Saye

A watan Satumban 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 ba tare da ƙaramar kafar nan da ake soka iyafis ba. Wata uku bayan haka ya fara sayar da AirPods marasa igiya a kan dala 159. Samsung ya yi masa ba'a a tallace-tallacensa, amma a 2019 shi ma ya toshe kafar a Galaxy Note 10. Masu sharhi da yawa suka ɗauka an gama jana'izar iyafis mai igiya. Sai ga shi a daidai waɗannan shekaru ne iyafis mai igiya mai araha ya kai ingancin da bai taɓa kaiwa ba. Dalilin yana cikin tarihinsa: kusan duk abin da ke sa iyafis ya yi daɗin sauraro an ƙirƙiro shi tun da daɗewa, kuma tuni aka gama biyan kuɗin bincikensa. Wanda ya san wannan tarihi zai san abin da ya kamata ya duba a kasuwa, da abin da bai cancanci ya biya ko sisi a kansa ba.

Daga ofishin tarho zuwa aljihu

Fulogin da ke bakin igiyar iyafis ya girmi rediyo da talabijin. Asalinsa ofisoshin tarho ne na ƙarshen ƙarni na 19, inda ma'aikata ke zaune gaban allo mai ramuka, suna zare igiya daga wannan rami su soka a wancan don haɗa mai kira da wanda ake kira. Kaurin fulogin kwatar inci ne, wato milimita 6.35, kuma har yau shi ake sokawa a jita da manyan na'urorin ɗakin ɗaukar waƙa. An ƙera shi ne don aikin da ake maimaitawa sau ɗaruruwa a yini: ya shiga da sauƙi, ya kama, ya fita ba tare da ya lalace ba.

Tunanin saka sauti cikin kunne ma tsoho ne. A 1891 wani injiniya Bafaranshe, Ernest Mercadier, ya yi rajistar wata na'ura mai ƙananan kawuna biyu da ake sakawa a kunne don amsa tarho hannu sake. Ya kuma ba da shawarar a lulluɓe kawunan da roba domin su zauna daidai su tare hayaniyar waje. A 1910 Nathaniel Baldwin, mutumin jihar Utah a Amurka, ya riƙa haɗa irin wanda ake ɗorawa a ka a ɗakin girkin gidansa, sojojin ruwan Amurka kuma suka zama masu sayensa. Duk waɗannan kayan aiki ne, na ma'aikacin tarho da soja.

Rediyon aljihu ne ya mai da shi kayan kowa. Regency TR-1, wanda ya fito a Amurka a 1954, yana da kafar iyafis na kunne ɗaya. Ƙananan rediyoyi suna buƙatar ƙaramin fulogi, daga nan mai milimita 3.5 ya samo asali. A 1958 John Koss ya fito da na kunne biyu don sauraron kiɗa, kowane kunne da nasa sautin. Sai ranar 1 ga Yulin 1979, lokacin da Sony ya fara sayar da Walkman a Jafan a kan yen 33,000. Na farkon yana da kafa biyu, da wani maɓalli da ke rage kiɗa don mutum biyu su yi magana, saboda shugabannin kamfanin suna gudun kada a ɗauki sauraron kiɗa kai kaɗai a matsayin rashin ladabi. Jama'a suka nuna kaɗaicin suke so, ba a jima ba aka cire maɓallin. Walkman ne ya tabbatar da fulogin milimita 3.5 a duniya baki ɗaya.

Kurame da mawaƙa

Iyafis iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin farashi muhimmanci. Akwai wanda ke zama a bakin kunne, irin fararen nan da iPod ya yaɗa daga 2001. Akwai kuma mai hular roba da ke shiga cikin ramin kunne ya toshe shi. Na biyun bai fito daga masana'antar nishaɗi ba. Ya fito daga masu ƙera na'urar taimaka wa kurame, waɗanda suka daɗe suna neman lasifika ƙarama ƙwarai mai cin wuta kaɗan. Kamfanin Etymotic, wanda Mead Killion ya kafa a 1983 don kayan gwajin ji, ya fito da ER-4 a 1991, ɗaya daga cikin na farko da aka sayar wa jama'a masu toshe kunne.

Mawaƙan dandali su ma suna da tasu matsalar. Ƙarar manyan lasifikoki tana hana su jin junansu, tana kuma cinye musu ji a hankali. A 1995 Jerry Harvey, injiniyan sauti na ƙungiyar Van Halen, ya ƙera wa makaɗin gangar ƙungiyar, Alex Van Halen, iyafis daidai siffar kunnensa mai lasifika biyu a ciki. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya tashi. Irin waɗannan na ɗaruruwan daloli ne a lokacin.

Abin da kurame da mawaƙa suka gano shi ne darasi na farko ga mai saye: toshewa ita ce gaba da komai. Lasifikar da ke cikin iyafis ba ta kai faɗin farce ba. Tana iya fitar da amo mai kauri ne kawai idan iskar da ke tsakaninta da dodon kunne ba ta da mafita. Da zarar an sami 'yar kafa, kaurin ya tsere, a bar mutum da sauti kamar na gwangwani. Shi ya sa iyafis mai tsada da hular da ba ta dace ba yake kasa mai araha da ya zauna daram. A nemi wanda ya zo da huluna girma uku, a gwada kowanne, domin kunnuwan mutum ɗaya ma ba lallai su zo daidai ba.

Lokacin da aka auna daɗin sauti

Shekaru da yawa kowane kamfani yana saita sautin kayansa yadda ya ga dama. Daga wajen 2012 wasu masu bincike na kamfanin Harman, ƙarƙashin Sean Olive da Todd Welti, suka riƙa gwada ɗaruruwan mutane ba tare da sun san wane iri suke saurare ba. Suka gano cewa mafi yawan mutane sun fi son saiti kusan iri ɗaya: kauri matsakaici, da murya a fili. Suka wallafa sakamakon kowa ya gani. A 2017 kuma Jeroen Breebaart ya wallafa binciken da ya auna na'urorin sauraro 283, bai sami wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin farashi da daidaiton sauti ba.

Masana'antun kudancin ƙasar Sin, waɗanda suka daɗe suna yi wa manyan kamfanoni ƙira, suna da injuna da ƙwarewa. Abin da suka rasa a da shi ne ma'auni, sai ga shi an ba su kyauta. Na'urar awo ta yi araha, masu gwaji suka fara wallafa zanen sautin kowane iri a intanet. A 2022 Moondrop ya fito da Chu, 7Hz ya fito da Salnotes Zero, kowanne a wajen dala 20, kuma saitinsu yana kusa da wancan ma'auni. Kowanne lasifika ɗaya tak gare shi a kunne.

Darasi na biyu ke nan: saiti ya fi yawan kaya. Rubutun da ke jikin kwali, irin su lasifika huɗu ko takwas, ko alkawarin kauri mai girgiza kai, ba ya nuna inganci. Yawan kauri ma hanya ce ta ɓoye aibi, domin yana burge kunne a minti na farko, ya gajiyar da shi a awa ta biyu. Gwajin da ya fi dacewa shi ne waƙar da mutum ya haddace. Wanda ya saba da Shata ya saurara ko muryar mawaƙin, da 'yan amshi, da kalangu kowanne ya fito daban, ko kuwa ganga ta danne kalmomi. Karatun Alƙur'ani ko labaran rediyo ma suna tona asirin iyafis nan take: idan harafin "s" yana sukar kunne, ko murya ta fito kamar daga cikin tulu, a ajiye shi.

Me ya sa igiya ta fi dacewa da mu

A shekarar da iPod ya fito, 2001, a ita ce wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya. Mafi yawan mutanenmu ba ta hanyar Walkman ko iPod suka san iyafis ba, ta hanyar wanda ake sakowa a kwalin waya suka san shi. A wayoyi da yawa igiyar ita ce eriyar rediyon FM, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da rediyo ya daɗe yana zama abokin hira. Yawancin wayoyin Tecno, itel da Infinix masu sauƙin kuɗi ba su toshe kafar ba. Iyafis mai igiya ba ya neman caji a garin da wuta ke zuwa ta tafi. Marar igiya kuwa ƙaramin batir ke cikinsa, wanda ke rauni bayan 'yan shekaru, kuma a mafi yawansu ba a iya canza shi, sai dai a yar a sayi wani.

Raunin mai igiya a igiyar yake, kuma nan ne darasi na uku. Galibi tana tsinkewa ne daga ciki, a gindin fulogi, inda take lanƙwasa a aljihu. Fulogi mai kusurwa da kaurin roba a gindinsa ya fi jurewa. Mafi kyau shi ne irin wanda ake cire igiyarsa, al'adar da aka gada daga mawaƙan dandali, domin idan ta lalace ita kaɗai za a canza. A kuma duba zobban da ke jikin fulogi: biyu na sauraro ne kawai, uku yana nufin akwai makirufo. Wanda wayarsa ba ta da kafa zai buƙaci adaftar USB-C, kuma gara mai ɗan kwakwalwar juya sauti a ciki, don marar ita ba ta aiki a kowace waya. Shahararren suna a kan kuɗin da bai kai rabin farashinsa ba kuwa jabu ne. Gara ƙaramin kamfani na gaskiya da babban suna na bogi.

Akwai abin da ba a saye a kasuwa, wato ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, idan ya kai 90 kuwa awa huɗu kacal. Ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. A nan ma toshewa ce ke taimakawa: wanda iyafis ɗinsa ya tare ƙarar janareta da hayaniyar kasuwa ba ya buƙatar ƙure murya. Amma abin da ya tare ƙarar janareta zai tare hon ɗin mota, don haka ba na tsallaka titi ko tuƙin babur ba ne. Hular robar da Mercadier ya ba da shawara a 1891 ita ce har yanzu ɓangaren da ya fi araha a cikin kwalin, kuma ita ce ta kamata a fara gwadawa.