Liyari Da Shekarar 1780

Tun kafin zuwan sule da anini, liyari ne kuɗin azurfar da fatake suka amince da shi. Kuɗin ƙasar Ostiriya ne, mai ɗauke da kan Sarauniya Mariya Tereza. Lokacin da Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya da wuri 2,500.

To, ga inda mai saye yake ruɗuwa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin ba a sake shekarar ba. Daga baya ma Landan da Bombai sun buga nasu, Biyana kuwa ba ta daina ba har yau. Watau ke nan 1780 ɗin da dillali zai nuna maka, ko a kasuwar Talata Mafara ko a Gidan Goga, ba shaidar tsufa ba ce.

Sai dai a ɗora shi a sikeli. Na gaskiya giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari, kuma akwai rubutu kewaye da gefensa. A jabun da aka zuba, rubutun nan yakan fito a dushe. Galibin na gaskiyar ma kuɗinsu bai wuce na azurfarsu da yawa ba, balle wanda aka huda don abin wuya.