Camfe-camfen ciki a Magarya da Dungas: waɗanda ke da haɗari

A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, mai ciki tana shan gargaɗi daga uwa, uwar miji da maƙwabta. Wani ba ya cutarwa, wani kuwa yakan kai ga rasa rai.

Cin ƙwai. Ana cewa yaron zai zama ɓarawo. Ba haka ba ne: ƙwai, wake, nama da zogale suna gina jikin uwa da ɗa.

Ɓoye ciki. Kunyar cikin fari da tsoron baki suna hana zuwa awo da wuri. Alhali a wurin awo ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro. Tun 2016 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa.

Kumburi da jijjiga. Akan ce alamar tagwaye ce, ko aikin iskoki. Kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani alamun hawan jini ne. A kai ta asibiti nan take.

Doguwar naƙuda. Akan ɗora laifin a kan zaƙi, a yi ta ba da jiƙo. Jinkirin yana haddasa yoyon fitsari ko mutuwar jariri.

Dakashi. Ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafin farko na jariri. A ba shi nono cikin awa ɗaya da haihuwa.