Tarakta Mai Haɗe da Intanet: Nazari Kan Gamayyar Injin Noma da Fasahar Sadarwa, da Mas'alar Ikon Mai Ita

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin yadda aka gama abubuwa uku waɗanda a da kowannensu yake zaman kansa, watau injin da ke aiki a gona, da ƙananan na'urorin da ke aunawa su kai rahoto, da manyan kwamfutocin da ke tara bayani su yi lissafi. An ɗauki tarakta a matsayin misali, domin a jikinta ne ukun suka fi cuɗanya. An bi tarihin gamayyar a Turai da Amurka, an duba aukuwa uku da suka fallasa rauninta, an auna mas'alar mallaka da ma'aunin doka da na fiƙihu, sa'an nan aka waiwayi abin da ya iso Nijeriya ta hanyar hayar tarakta. Sakamakon binciken shi ne amfanin gamayyar tabbatacce ne, amma tana matsar da iko daga hannun mai injin zuwa hannun mai manhajar, sai fa in an yi sharaɗi tun wajen ciniki.

Gabatarwa

Duk wanda zai yi magana a kan shigar fasahar zamani cikin noma, wajibi ne ya fara rarrabe ɗabi'un abubuwan da ake son gamawa, gama ruɗanin da ake samu galibinsa daga rashin wannan rarrabewa yake tasowa. Kwamfutar ofis, wadda ke riƙe da lissafin kuɗi da sunayen abokan ciniki, ana sauya ta bayan 'yan shekaru, in ta cije a kashe ta a sake kunnawa, kuma babban abin da ake kiyaye mata shi ne sirri. Injin aiki kuwa, ko tarakta ne ko famfon ban ruwa ko injin busar da hatsi, ana sayensa ne da niyyar ya shekara ashirin ko fiye, ba ya karɓar uzurin tsayawa ranar da ƙasa ta jiƙa, kuma in ya yi kuskure, kuskuren nasa iri ne da ya salwanta ko hannun mutum da ya guntule. Tsakaninsu akwai na'urori masu araha da ake liƙawa su auna danshi, ko zafi, ko mai, ko wurin da injin yake, waɗanda suke zaune cikin rana da ƙura ba mai leƙa su sai sun daina magana. Da aka haɗa ukun a igiya ɗaya, sai kowanne ya gaji fa'idar ɗan'uwansa, ya kuma gaji cutarsa.

Yadda Aka Gama Su

Asalin lamarin daga cikin mota ya faro. A shekarar 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya bayyana tsarin nan da ake kira CAN, wanda ya ba ƙananan kwamfutocin da ke cikin mota damar yin zance da juna ta waya biyu rak, maimakon tulin wayoyin da aka saba ja. Masu ƙera injinan noma suka ɗauki wannan tsari, amma suka ci karo da wata matsala da masu mota ba su da ita, domin manomi yakan sayi tarakta daga wannan kamfani, injin shuka daga wancan, injin feshi daga wani na uku, alhali kuwa kowane kamfani da irin yaren da na'urorinsa suke ji. Maganin da aka samo shi ne ƙa'idar ISO 11783, wadda aka fi sani da ISOBUS, wadda ta tsara soket guda da yare guda, yadda allo ɗaya a gaban direba zai iya sarrafa duk abin da aka ɗaura a bayan tarakta. Da yake rubuta ƙa'ida daban, bin ta daban, a 2008 manyan kamfanonin suka kafa wata ƙungiya mai suna AEF, wadda take tara injiniyoyinsu lokaci lokaci su jona kayansu da na juna, a ga wanda ya ji magana da wanda ya kurumce.

Mataki na biyu daga sama ya zo. A watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar taurarin GPS da gangan ga farar hula, kuma da aka ƙara da tashoshin gyara kuskure da ake kafawa a ƙasa, sai ya yiwu a san wurin da tarakta take da kuskuren da bai wuce santimita biyu ko uku ba. A 2002 kamfanin John Deere ya fito da AutoTrac, inda tarakta ke riƙe sitiyarinta da kanta ta miƙe layi. Mataki na uku shi ne sanya mata layin waya, wanda ya rufe da'irar: injin girbi yana auna yawan amfanin da kowane ɓangaren gona ya bayar, ya aika rumbun bayanai na kamfani, a can a zana taswirar da ke cewa nan a ƙara taki, can a rage, taswirar ta dawo ta iska zuwa tarakta, ita kuma ta umarci injin watsa taki ya buɗe ko ya tsuke gwargwadon inda ya taka. John Deere ya sayi kamfanin Blue River Technology a 2017 kan dala miliyan 305 saboda kyamarorinsa masu bambance ciyawa da shuka, a Janairun 2024 kuma ya ƙulla yarjejeniya da SpaceX don taraktocin da ke inda sabis ɗin waya bai kai ba su riƙa magana ta taurarin Starlink. Ba mai musun cewa wannan ya rage maimaita feshi a wuri guda, ya rage gajiyar direba, ya ba da damar aikin dare.

Aukuwa Uku

Ran 10 ga Mayu, 2024, wata guguwa mai ƙarfi daga rana ta bugi sararin duniya, irin wadda ba a ga kamarta ba tun 2003, ta hargitsa siginar taurari a daidai tsakiyar lokacin shukar masara a jihohin tsakiyar Amurka. Manoma da yawa suka tsayar da taraktocinsu, injinansu lafiya lau, tankunansu cike da mai, domin layin da aka shuka a karkace ba zai dace da layin da injin feshi da na girbi za su bi daga baya ba, kuma da yawa daga injinan shuka na yanzu ba a sanya musu ƙarfen nan mai zana alama a ƙasa wanda direban da yake bi da ido. A nan ba maƙiyi, ba mai laifi. Abin da ya bayyana kawai shi ne an cire tsohuwar hanya kafin a tabbatar sabuwar ba ta yankewa.

Ta biyu aikin masu kutse ce. A Satumbar 2021 suka kulle kwamfutocin NEW Cooperative, ƙungiyar manoman hatsi ta jihar Iowa, ana dab da kaka, suka nemi fansar dala miliyan 5.9, a Mayun 2022 kuma suka afka wa AGCO, mai Massey Ferguson da Fendt, har aiki ya tsaya a wasu masana'antunsa na Turai. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a Afrilun 2022 cewa irin waɗannan mutane suna iya kirdadon lokacin shuka da na girbi, don sun san a lokacin ne mai gona ba ya iya jira.

Ta uku ita ce ta fi cancantar a dakata a kanta. A 2022, bayan sojojin Rasha sun kama garin Melitopol na Yukiren, kafar CNN ta ruwaito cewa an kwashe injinan John Deere da kuɗinsu ya kai kimanin dala miliyan 5 daga wurin wani dila, aka yi jigilar wasu har Checheniya, tafiyar fiye da kilomita dubu, amma da aka je tayar da su suka ƙi tashi, domin an kulle su daga nesa. Mutane da yawa suka yi murna, kuma murnar tana da hujja, tun da ɓarawo ne ya tashi a tutar babu. Sai dai mai hankali ba zai kasa lura ba cewa hannun da ya isa ya kashe injin a hannun ɓarawo ya isa ya kashe shi a hannun mai shi, kuma duk wanda ya sace wannan iko ta hanyar kutse zai iya tsayar da dubban injina a rana ɗaya ba tare da ya taka gona ko guda ba.

Mas'alar Mallaka

Daga nan ne tambayar ta koma ta shari'a. A 2015, sa'ad da ofishin haƙƙin mallaka na Amurka yake sauraron bahasi kan ko ya halatta mai abin hawa ya buɗe manhajarsa don gyara, John Deere ya kafa hujja da cewa manomi bai mallaki manhajar da ke tafiyar da injin ba, izinin aiki da ita kurum ya samu. Ofishin ya ba da rangwamen gyara a wannan shekara, amma rangwame bai zama kayan aiki ba, domin wasu gyare-gyaren ba sa kammala sai bakaniken dila ya zo da kwamfutarsa ya shaida wa injin cewa an yarda da sabon ƙarfen da aka sa masa. Rigimar ta ja har kamfanin ya sa hannu a wata takardar fahimta da ƙungiyar manoma ta American Farm Bureau a Janairun 2023, jihar Kolorado ta kafa dokar haƙƙin gyaran injinan noma a Afrilun wannan shekara, sa'an nan hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta kai kamfanin ƙara a Janairun 2025. Tarayyar Turai kuwa ta bi ta wata ƙofa, da dokar bayanai wadda ta fara aiki a Satumbar 2025, wadda ta ba mai amfani da na'ura haƙƙin samun bayanan da na'urar ta tara, da miƙa su ga wanda ya ga dama.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun share wannan fage tun ba a san injin ba. Shihabuddin al-Ƙarafi, Bamaliken Masar wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe a littafinsa al-Furuƙ tsakanin wanda aka mallaka wa amfanin abu, har yana iya ba da shi haya ko aro, da wanda aka yi wa izinin ya amfana da kansa kawai, kamar mai zama a masallaci. Sama da su duka kuma akwai mallakar zatin abin, wadda ita ce ciniki yake haifarwa. In aka auna taraktar zamani da wannan ma'auni, sai a ga manomi ya biya kuɗin mallakar zati, alhali a ɓangaren da ke motsa injin bai wuce matsayin mai izini ba, kuma sau da yawa bai san haka ba ranar da ya biya. Jahiltar abin da aka saya kuwa shi ne ƙofar garari da fuƙaha'u suka yi ta gargaɗi a kai. A ra'ayinmu ba a ce cinikin ɓatacce ne ba, amma bayyana wannan sharaɗi ga mai saye, da harshen da yake ji, wajibi ne a kan mai sayarwa.

Abin da Ya Iso Nijeriya

Manomin Kano ko na Katsina mai kadada ɗaya ko biyu ba shi da hajar taswirar taki, kuma ba ta wannan ƙofa gamayyar ta shigo masa ba. Buƙatarsa ita ce tarakta ta zo ta yi masa kaftu da huɗa cikin 'yan makonnin farkon damina, in ba ta zo ba ya koma ga garmar shanu ko ya makara. Gwamnatocin jihohi sun daɗe suna kafa sassan hayar tarakta, kuma sanannen abu ne yadda da yawansu suka ƙare: ba kayan gyara, ba lissafin aikin da aka yi, direba ya tafi ƙauye ya yi kadada goma ya kawo kuɗin biyar. Wannan ramin ne kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya fara aiki a Nijeriya, ya nufi cikewa. Da fari ƙananan taraktoci yake sayarwa, daga baya ya koma ga wata 'yar na'ura da ake liƙa wa kowace irin tarakta, tana shaida wa mai ita a wayarsa inda take, da awannin da ta yi, da faɗin da ta nome, da lokacin da ya kamata a yi mata juyen mai. A ɗaya gefen kuma akwai wakilai a ƙauyuka masu tattara buƙatun manoma har su kai yawan da zai biya tafiyar injin.

Hikimar wannan tsari, a ganinmu, ita ce ya gane cewa ciwon da ke hana mai kuɗi sayen tarakta ciwon amana ne, sai ya sa na'ura ta zama shaida tsakanin mai dukiya da direba. Shaidar nan kuma ita ce ta sa aka iya ba da tarakta bashi ga waɗanda banki ba zai saurara ba, ana biya daga aikin da ta yi, kamar shirin da kamfanin ya fara tare da ƙungiyar Heifer International a 2022, shekarar da John Deere ma ya sayi hannun jari a Hello Tractor. Amma fa duk tambayoyin da suka taso a Amurka suna nan tafe, har da ƙari. Na'urar da ta auna gonar mutum ta san girmanta da iyakarta da ranar da aka nome ta, kuma wannan bayani yana da daraja wurin mai ba da rance da mai sayar da taki da mai sayen fili, alhali manomin da aka auna gonarsa ba shi ne ya sa hannu a yarjejeniyar ba. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta yi magana kan bayanan da suka shafi mutum, amma bayanan da injin ya tara game da kansa da ƙasar da ya taka suna buƙatar tanadi na musamman irin wanda Turai ta yi. Ga kuma nisan dila: in manomin Amurka yana kukan jiran bakanike kwana biyu, ina ga wanda injinsa ya cije a Gashuwa, mai kwamfutar gyaran kuwa yana Abuja ko Ikko?

Kammalawa

Tun da gwamnatocin tarayya da na jihohi su ne manyan masu sayen tarakta a ƙasar nan, a hannunsu damar yin sharaɗi take, kuma ranar ciniki ce kaɗai ranar da mai sayarwa yake saurare. Muna kira gare su da kada su sa hannu a kwangilar sayen injin da ba zai iya aiki ba in sadarwa ta yanke, ko wanda ba a miƙa manhajar binciken cutarsa ga makanikan gida ba, kuma a rubuta ƙarara wane ne yake da ikon kashe shi daga nesa, da wane dalili, da kuma wanda ya mallaki bayanan da ya tara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilori suna da injiniyoyin da za su iya gwada kowane injin a kan waɗannan sharuɗɗa kafin a biya kuɗinsa, ya kamata a ba su wannan aiki.