Lafiyar Toga da Kifin Matan Fada

Wanda ya tsaya bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar su, ya ga dubban masunta sun yi sahu, kowa da gorarsa da homarsa, suna jiran a ba da alama su auka cikin ruwa, da wuya ya tuna cewa sulhu ne ya haifi wannan biki. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya sauka Argungu baƙon Sarki Muhammadu Sama, aka shirya masa babban su don girmamawa. Kafin nan, in an ce Sarkin Musulmi ya nufo Argungu, mata sai su fara tattara yara.

Gabar Kabawa da Sakkwato ta samo asali tun 1805, lokacin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Karari, wanda ya gaje shi, ya kafa zama a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Shekaru ya yi can yana cin tuwon gidan Sarkin Musulmi, har ana ba da labarin ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba a fagen fama da Gobirawa, shi ya sa aka bar shi ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. A idon Sakkwato da Gwandu, Nabame ya ci amana. A idon Kabawa kuwa, jikan Kanta, wanda ya kafa daularsu, ne ya karɓi gadon gidansu. Mutum ɗaya, suna biyu, kuma a kan sunan aka yi ta zubar da jini. Sarkin Gwandu Haliru ma a wannan rikici ya rasa ransa a 1860.

Masu nazarin hulɗar ƙasashe suna da wani ra'ayi da ake kira kwanstiraktibizim, wato ra'ayin gini. Nicholas Onuf ya raɗa sunan a 1989, Alexander Wendt ya yayata shi a wata maƙala ta 1992. Abin da suke faɗa shi ne gaba da aminci tsakanin ƙasashe ba halitta ba ne, ginawa ake yi, da irin sunan da kowa ke kiran ɗan'uwansa da irin mu'amalar da aka saba. Wendt ya buga misali: makaman nukiliya 500 a hannun Birtaniya ba sa hana Amurka barci, amma guda 5 a hannun Koriya ta Arewa sun isa. Dokar ƙasa da ƙasa ma, in ji su, ƙarfinta yana ga yardar masu bin ta. Ni dai ina ganin da Wendt ya san kwarin Rima, da bai je neman misali da nisa ba.

Dubi Lafiyar Toga. Wajen 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ɓangarorin biyu suka gaji, aka ƙulla yarjejeniya: an yarda Kabi tana cin gashin kanta, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, bayin da aka kama a yaƙi kuma sun zama na wanda ya kama su. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba daɗin ji, amma haka zamanin yake. Sharaɗin farko shi ne babba. Daular da ta daɗe tana kiran Kabawa 'yan tawaye ta amsa cewa sarauta ce mai iyaka da iko, abin da lauyoyin yau ke kira amincewa da 'yancin ƙasa. Sai dai an ajiye takobi ne kawai, zuciya tana nan yadda take. Shekara takwas lafiyar ta yi, a 1875 aka koma ruwa. Sama'ila, wanda ake kira Sama, ya hau gado a 1883, ya hana iyakar Gwandu sakat, kuma rundunar da Sarkin Musulmi Abdurrahman Ɗanyen Kasko ya kawo wa Argungu ta koma ba nasara.

Mai gardama zai ce Turawa ne suka raba faɗan, ba wani canjin tunani ba. Yana da rabin gaskiya. Sojan Ingila sun shiga Argungu a 1902 ba tare da yaƙi ba, don Sama'ila ya ga abokin gabar abokin gabarsa, a 1903 kuma suka ci Sakkwato. To amma me ya sa sai da aka yi shekara talatin da 'yan kai kafin Sarkin Musulmi ya kwana Argungu? Bindiga ta hana hari, ba ta sa a ci abinci akushi ɗaya ba. Sai da baƙo ya zo aka shimfiɗa masa, aka kama masa giwan ruwa, aka maimaita shekara bayan shekara, har yaran da aka haifa daga baya suka tashi ba su san Sakkwato da wani suna ba sai maƙwabciya. Ziyarar da ba ta da sharaɗi ko ɗaya ta fi yarjejeniya mai sharuɗɗa tsawon rai.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sarkin Gwandu yau yana zaune a Birnin Kebbi, tsohon birnin Kabawa, wanda ya zama hedikwatar jiha a 1991, kuma shi ke shugabantar majalisar sarakunan da Sarkin Argungu ke zama cikinta.