Tarihin Lantarkin Rana da Rabonmu a Cikinsa

A shekarar 1839 ne wani saurayi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske yana iya haifar da lantarki. Sai a 1954 masanan kamfanin Bell na Amurka suka ƙera faifan farko mai amfani, amma don tsadarsa taurarin ɗan'adam aka fi sanya wa shi. Tashin farashin man fetur na 1973 shi ya sa gwamnatoci suka waiwayi rana.

Ilmin nan bai tsallake mu ba. A 1969 Shehun Malami Abdou Moumouni ya karɓi shugabancin ofishin makamashin rana a Yamai, Jami'ar Sakkwato kuma ta sami cibiyar binciken makamashi a 1982. Abin da muka rasa shi ne masana'antu. Ƙasar Sin ta gina nata, har farashin lantarkin rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma fiye da kashi 80 na faifayen duniya can ake ƙera su. Mu da Allah ya hore wa rana, sayowa muke yi da kuɗin waje. Gyaran wannan yana wuyanku, ku da za ku riƙe ma'aikatun ƙasa.