BABI NA UKU: MATSIN LAMBA DA RABUWAR HANKALI A AIKIN GYARAN JIRAGE: DARASI DAGA HAƊARIN ALHAZAI NA 1991

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an dubi tarihin jigilar alhazai ta jirgin sama daga Arewacin Nijeriya. A wannan babi kuma za a yi nazarin yadda gaggawa da damuwa da ɗaukewar hankali kan sa ƙwararren makanike ya yi kuskure. Za a kafa hujja da haɗarin da ya auku a Jidda ranar 11 ga Yuli, 1991. A lokacin ƙasar Haɗeja tana cikin Jihar Kano, domin sai a watan Agusta na shekarar aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Alhazanta, kamar na sauran garuruwan Arewa, sun dogara ne a kan irin wannan jigila da jiragen haya, saboda haka darasin ya shafe su.

3.1 Yadda Abin Ya Faru

A aikin hajjin shekarar, an ɗauko hayar wani jirgi samfurin DC-8 daga kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, yana jigila da sunan kamfanin Nigeria Airways. Da safiyar ranar ya ɗebi alhazai 247 da ma'aikata 14 da nufin zuwa Sakkwato. Yana cikin gudu a kan titin tashi sai tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe. Ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar sanar da gobara a ramin da tayoyi ke shiga. Da aka naɗe ƙafafun, sai wutar ta shiga cikin jirgin, ta cinye wayoyi da bututan man da ake sarrafa shi da su. An juyo don a sauka, amma jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka. Duk mutum 261 suka rasu.

3.2 Tushen Kuskuren

Binciken hukumomin Saudiyya ya nuna cewa matsalar ta girmi ranar haɗarin. Kwana huɗu kafin nan an auna iskar tayoyin, aka tarar biyu daga cikinsu ba su kai mizani ba, amma ba a ƙara musu iska ba. Daga baya ma an gano cewa an sauya alƙaluman da ke cikin takardar awon. An shirya canza wasu tayoyi a Akara ta ƙasar Gana, sai saƙo ya zo daga manajan jigilar cewa a hanzarto da jirgin domin an makara. Nan take aka bar aikin. A safiyar tashin, shugaban makanikai ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, amma samunta zai jawo jinkiri, manajan kuwa bai amince a jira ba. Daɗin daɗawa, injiniyan jirgin da ya sa hannu cewa komai lafiya ba shi ne ya duba tayoyin ba.

Idan aka lura za a ga abubuwa uku. Na farko shi ne katse aiki. Duk aikin da aka tsayar a tsakiya, hankali ya koma wani wuri, to da wuya a dawo masa a daidai inda aka tsaya. Na biyu shi ne matsin lokaci, wanda kan sa mutum ya ga ƙaramin jinkiri ya fi ƙaton haɗari girma, domin jinkirin yana gabansa, haɗarin kuwa zato ne. Na uku shi ne kasa ja da na gaba, wato makanike ya san gaskiya amma ya bari wanda ba masanin taya ba ya yanke hukunci. Taya ɗaya da ta rasa iska ta ɗora wa 'yar'uwarta nauyin da ya fi ƙarfinta, ita ce kuwa ta fara fashewa. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

3.3 Misali Daga Ingila

Irin wannan bai tsaya ga jiragen haya kawai ba. Ranar 10 ga Yuni, 1990, gilashin gaban wani jirgin British Airways ya ɓalle a sama, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, amma Allah Ya yi da sauran kwanansa. Bincike ya nuna cewa shugaban masu aikin dare ne ya ɗaura gilashin, ya zaɓi kusoshi da ido ba tare da duba littafi ba. Guda 84 cikin 90 sun gaza kauri. Ba ƙwarewa ya rasa ba, yawan aiki da tsakar dare ne suka rage masa lura.

3.4 Abin Da Ya Biyo Baya

Kamfanin Nationair ya durƙushe a 1993. A shekarar ne kuma Gordon Dupont, ma'aikacin hukumar sufuri ta Kanada, ya tsara jerin abubuwa goma sha biyu da ke jefa makanikai cikin kuskure, ciki har da gajiya da damuwa da matsin lamba da ɗaukewar hankali. Daga cikin magungunan da ake koyarwa akwai cewa wanda aka katse wa aiki ya koma baya mataki uku kafin ya ci gaba, sa'annan wani dabam ya sake duba muhimmin aiki kafin a sa hannu.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa haɗarin Jidda a ƙasa ya faro, a hannun mutanen da agogo ya fi ƙarfinsu. Imani da ƙaddara bai kore ɗaukar sababi ba, kuma alhajin da ya ƙosa da zaman jira a sansani ya kamata ya san cewa wani jinkirin alheri ne. Babi na gaba zai dubi matakan da hukumomin Nijeriya suka ɗauka game da tantance jiragen alhazai.